Faifan Inna mai ƙofa

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, kuma har yau idan na ji guɗa sai in kama bakina. Ba wasa nake ba. Ko bikin wa ake yi, da zarar wata ta ɗaga harshe ta rangaɗa, sai in ji hannuna ya tafi kan leɓena da kansa. 'Ya'yana sun ɗauka wani tsoro ne yaƙi ya bar min. A'a, abin ya girmi yaƙi da shekaru masu yawa, kuma bana na ce bari in faɗi dalilinsa, ko da kuwa ni ce zan sha kunya a cikin labarin.

Asabe sunanta, amma duk unguwarmu ta Mayo Hajja ake ce mata, tun kafin ta taɓa ganin jirgi. A wani kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, na yankin Jazira aka haife ta, ta yi ƙuruciyarta tana tsintar auduga a gonar da ba ta ubanta ba. Da aure ya kawo ta Hartum, babanmu na aikin gini yau a samu gobe a rasa, sai ta ga zama bai kama ta ba. Kafin rana ta fito ta gama toya kisra, wato siririyar wainar dawa, ta sayarwa. Da hantsi tana dama godo-godo, wanda masu kai yara makaranta ke tsayawa su sha a ƙofar gida. Da azahar tana daka yajin da masu agashe ke zuwa saye. Duk tazarar da ke tsakani kuwa, ta kaba ce. Kullum akwai kaba jiƙe a baho ƙarƙashin rakubarmu, rumfar tsakar gida, kuma kullum akwai faifai rabin saƙa a cinyarta. Wata-wata takan hau mota biyu zuwa Kasuwar Umdurman don rini kawai, ta tsaya ta yi ta ciniki da mai rinin har ya gaji ya ce, "Kalas, shi ke nan, Hajja, ɗauka, Allah ya sa mu dace."

Mu shida ta haifa, kuma ban tuna ta taɓa ɗaga mana bulala ba. Horonta ɗaya ne. Ka yi laifi, ta miƙo maka kaba da allura, ka zauna gabanta ka saƙa zagaye uku, tana aikinta ba ta ce maka komai. Kafin ka gama na biyu ka fara ba da labarin laifinka da bakinka. Ni Batul, Allah ya yi ni da saurin baki, don haka duk gidan ba wanda ya kai ni iya saƙa.

'Yan matan layinmu muna da ƙungiyar rawa, mu goma sha biyu. Gaɗa ce muka fara da ita a ƙofar gida, har tsofaffi suka ga da gaske muke, suka shiga koya mana taken da suka taso da shi a kambo, suna kaɗa mana ƙwarya a kife cikin ruwa. Ina shekara goma sha biyar aka gayyace mu wani taron al'adu a Umdurman, inda kowace al'umma za ta nuna rawarta. Wayyo, murna! Mu da abokan makaranta ke yi wa dariya idan Hausa ta kuɓuce mana a aji, ga mu za mu hau dandali da ita. Ni ce kuma a gaba, ni ke buɗe fili. Sai dai ana bukatar kaya iri ɗaya, ana bukatar motar da za ta kai mu ta dawo da mu, kuma iyayenmu ba mai halin wannan.

Inna ta ce a bar mata. Ta sa kowace Juma'a bayan la'asar a share tsakar gidanmu, mata su taru, mu yi rawa, ita kuma ta sayar da godo-godo da ƙuli-ƙuli, ribar ta shiga asusun tafiya. Amma ta kafa doka ɗaya da ta ba mutane haushi da farko: ba liƙi. Ta ce ba za a manna wa kowa kuɗi a goshi a gidanta ba, mai shi tana juyi tana kallon wa ya gani, marar shi kuma ta maƙale a bango kamar ta zo roƙo. Maimakon haka ta ɗauko babbar ƙwarya, ta saƙa mata faifai na musamman, ja da kore, ta bar ƙofa a tsakiyarsa daidai shigar hannu, ta ɗinka wa ƙofar wuyan yadi. Duk macen da ta shigo, kafin ta tafi sai ta sa hannu a ciki. Hannu ya shiga a dunƙule, ya fito a dunƙule. Ko da abu, ko babu, ba mai sani.

A Juma'a ta huɗu abin ya faru. Akwai wata maƙwabciyarmu, Halti Kaltuma, wato Goggo Kaltuma, wadda ba ta daɗe da zuwa unguwar ba. Fari ne ya kore su daga ƙauyensu, tana wankau a gidajen unguwar Kalakla, mijinta na dako. Na gama juyina ke nan, ina haki kusa da ƙwaryar, sai ta zo ta sa hannu. Da ta zaro, na ga kusurwar takardar kuɗi ta leƙo tsakanin yatsunta.

Jama'a, ban yi tunani ba ko na ƙiftawar ido. Rawata ce, kayana ne, motata ce ake zarewa a gabana. Na cafke wuyan hannunta, na buɗe baki da iya ƙarfina na ce, "Inna! Halti Kaltuma ta..."

Ban san sauran ya fita ko bai fita ba, domin a daidai nan Inna ta saki wata guɗa da ban taɓa jin irinta ba, tun daga can wajen tukunya. Masu ƙwarya suka ɗauka umarni ne, suka ƙara wuta. Kafin in farga ta iso, ta ɓamɓare yatsuna, ta rufe dunƙulen Halti Kaltuma cikin tafin hannunta biyu, ta ja ta tsakiyar fili. Inna fa! Matar da gwiwa ta dama, wadda ko a bikin yayata daga zaune ta yi tafi. Ranar ta taka, ta juya, tob ɗinta, babban mayafin nan, na zamewa daga kai, hannun matar nan na cikin nata ta ɗaga shi sama kamar na amarya. Mata suka miƙe, kowa na ihu, "Ya salam, Hajja!" Aka tashi taro ana ta labarin rawar Hajja Asabe, kuma ba wadda ta san abin da ya tashe ta.

Washegari da safe ta miƙo min kaba da allura. Na zauna ina saƙa ina kumbure-kumbure. Wannan karon ita ta fara magana.

"Me kika gani jiya?"

"Na ga Halti Kaltuma ta ɗauki..."

"Hannu ya shiga a dunƙule, ya fito a dunƙule. Abin da na gani ke nan. Ke kin ɗauka don ado na yi ƙofar nan da faɗi?"

Na saki allura. Na ce, "Inna, kin sani ashe? Na tafiyarmu ne fa!"

Ta ce, "Mijinta sati uku yana kwance, buhu ya faɗo masa a baya. Ke idan ba ki je Umdurman ba, kuka za ki yi kwana biyu. Ita da kin ƙarasa maganar nan, ba gidan da zai ƙara ba ta wanki, kuma 'ya'yanta da sunan za su girma. Ɗauki allurarki, saura zagaye biyu."

Gaskiya ban yarda da ita ba a lokacin. Na yi kwanaki ina gaishe ta a daƙile. Abin da aka tara bai kai a yi sabbin kaya ba, sai Inna ta bi gida-gida ta karɓo tsofaffin fararen tob, ta rina su launi ɗaya a bahon kabarta, ta saƙa wa kowaccenmu ɗan mafici na riƙewa. Mota kuwa, wani mai kai albasa kasuwa ne ya ɗauke mu a bayan akori-kurarsa. Muka hau dandali muna warin albasa, mu da kanmu muna toshe hanci muna dariya. Amma mun yi rawa, wallahi mun yi. Na hango Inna a cikin mutane ta dafe ƙirji, ga Halti Kaltuma a gefenta riƙe da jakar takalmanmu. Ban taɓa ba matar nan haƙuri ba. Idan na hango ta a layi, sai in sauya hanya, har na yi aure na koma Kalakla na zama malamar makaranta.

Ƙwaryar kuwa ba ta huta ba. Bayan mu an yi wasu 'yan matan, bayan su wasu. An yi rawa don rufin ajin da ruwan sama ya kayar, an yi don mai haihuwa da aka ce sai an yi mata aiki. Har ƙarfinta ya ƙare, Inna ba ta taɓa buɗe ƙwaryar nan gaban kowa ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu mutum zai ba ka ƙullin waken lantil, amma sai ka tsaya ya ɗauke ku hoto, kai riƙe da ƙullin shi riƙe da kai, kafin ka isa gida fuskarka ta zagaya wayoyin duniya. Na san ba za ta yi dogon wa'azi ba, ba halinta ba ne. Tsaki za ta ja, ta ce a miƙo wa mutumin kaba. Wani lokaci kuma nakan gode wa Allah da ya ɗauke ta kafin ta ga abin da ya sami Hartum, kafin ta ji ƙarar da ta maye gurbin kiɗan ƙwarya a layinmu.

Da yaƙi ya ɓarke, albashi ya tsaya, mai gidana ya maƙale a wani gari ba hanya. Na kwashi yarana uku muka koma tsohon gidanmu na Mayo. Muka ci abin da muka zo da shi, na sayar da abin da zai sayu, har ranar da na girgiza buhun dawa ƙura kawai ta fito. An ce min akwai takiyya a bayan masallaci, inda mata ke dafa wa unguwa abinci kyauta. Kwana biyu ina ɗaukar kwano ina ajiyewa. Ni 'yar Hajja Asabe, wadda rabin unguwa suka sha godo-godon uwarta, ni Malama da na koyar da 'ya'yan mutane, in je in tsaya a layi? A rana ta uku autata ta daina kuka ma, ta kwanta tana kallona kawai. Na ja tob na rufe rabin fuska na fita.

Abin da na fara lura da shi, duk wadda ke layin kwanonta a rufe yake, wata da faifai, wata da tsumma. Wata tsohuwa ta ga nawa a buɗe, ta ciro ɗan ƙyalle ta ɗora min, ta ce haka dokar wurin take. Ana shiga rumfar ɗaya bayan ɗaya, an kare ƙofa da tabarma. Mai ɗan gari ko albasa ta juye a ciki, marar komai ta miƙa kwano, kowa kuma ta fito da nata a rufe.

Da layi ya zo kaina na ɗaga tabarma. Halti Kaltuma ce zaune gaban tukunya, ta tsufa, gashi fari fat, ludayi a hannu. A bayanta, rataye jikin ginshiƙi, ga faifan nan ja da kore, launin ya koɗe, wuyan yadin ya yage. Ashe ita Inna ta bar wa.

Na durƙusa na ce, "Halti, ni ce Batul. Ranar nan, a gidanmu..."

Ta ce, "Na gane ki tun daga tafiyarki, ya bitti, 'yata. Guɗar uwarki ta toshe kunnen kowa, ban da nawa. Kawo kwanon."

Ta buɗe, ta ga wayam. Ba ta ɗago ta kalle ni ba. Ta cika shi har baki, ta ƙara ludayi ɗaya, ta mayar da ƙyallen ta gyara gefensa. Sannan ta kama wuyan hannuna, daidai inda na taɓa kama nata, ta tashe ni tsaye, ta raka ni har bakin tabarma. Nan ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ta ce, "Malama, mun gode da abin da kika kawo mana. Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan Hajja."

Mata suka amsa da amin. Na ratsa su na wuce, kwano na ƙona min hannu, hawaye na zuba cikin tob.

Inna ba ta bar gida mai bene ba, ba ta bar zinariya ba. Faya-fayanta sun watse a gidajen mutane, wasu sun ƙone tare da gidajen. Ƙungiyar rawarmu ta tarwatse, wasu na garin Madani, wasu sun ƙetare iyaka, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Amma na ga abin da ta saƙa yana ciyar da unguwa guda shekaru bayan an binne ta, kuma na ci daga ciki, ni da na so in yaga shi. Ina alfahari da ita.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya rufa miki asiri a can kamar yadda kika rufa wa mutane a nan. Autata ta warke, ta yi ƙiba, yanzu shekararta tara, kuma bakina ta ɗauko kaf. Jiya ta shigo a guje za ta ba ni labarin abin da ta ga maƙwabciyarmu ta yi. Na ce ta dakata tukuna, na miƙa mata kaba da allura.