Kwalbar da Na Ajiye Kusa da Kunun Kanwa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da na ɓoye tun ban faɗa ba. Ba zan ambaci sunana ba. Waɗanda suka san ni a Ƙofar Marke za su gane, sauran kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ni dillaliya ce. Sama da shekara ashirin ina shiga gidaje da ƙullin kaya a kai: atamfa, turaren wuta, gumba da tsimi na mata. Ba ni da wasa. In amarya ta ji sallamata sai ta gyara ɗankwali. Na san sirrin gidaje da yawa, ban taɓa ɗaukar na wannan na kai wancan ba, shi ya sa mazaje suke barina in shiga har ƙuryar ɗaki.

Wata amarya ce a unguwar Gidan Dare ta fara aikena. Ta ce in na bi ta kemis in sayo mata maganin tari, mai kodin, mijinta ba ya barinta fita. Na sayo. Bayan kwana uku ta sake aikena. Na dube ta na ce, "Ke, wane irin tari na wanga da ba a jin shi?" Ta yi dariya ta ce, "Inna, ke dai sawo, ladanki na nan." Na gane, kuma na sayo.

Kafin azumi ya zagayo ina kai wa gida bakwai. Mai kemis ɗin ya ce in daina wahala da ɗai-ɗai, ya fara ba ni da yawa, ya ƙara mini da tiramol. A ƙasan kayan mata nake jera su, don babu namijin da zai sa hannu ya buɗe wannan ƙullin. Kullum ina gaya wa kaina ni ba na sha, kuma ban ɗura wa kowa ba.

Ina da ɗiya ta fari, mutane suna kiranta Ma'u. Ni ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayata ba. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi muka gani. Yayata ce ta riƙe ta tun daga yaye, ita ta aurar da ita ga Bello, mahauci, yaron kirki. Yaya ta rasu Ma'u na da ciki, don haka da ta haihu gidana aka kawo ta wanka.

Tun kafin suna na ga abin da ban gane ba. Ba ta barci, ba ta ci. A miƙa mata jariri ta riƙe shi kamar an ba ta ajiyar wani, hawaye na zuba. Matan unguwa suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. Wata safiya ina haɗa ruwan wanka na ji tana cewa, "Ku yi shiru, ku yi shiru," alhali ita kaɗai ce a ɗakin. Da Yaya na da rai da ta zauna ta tambaye ta. Ni kuwa ban san yadda zan zauna gaban ɗiyar fari in ce mata me ke damunki ba. Abin da na sani shi ne abin da ke cikin ƙullina. Na ɗauko kwalba ɗaya na ajiye kusa da kunun kanwarta, na ce wa bango, "A sha wanga a samu barci." Na fita.

Ta yi barci. Mata suka ce rubutu ya ci. Na ci gaba da ajiyewa har aka yi arba'in, ta koma ɗakinta da sauran kwalabe a ƙasan akwati.

Wata huɗu bayan haka aka kama ni. Waccan amaryar ta Gidan Dare ce ta yanke jiki ta faɗi a madafa, mijinta ya matsa mata ta faɗi sunana. Jami'ai suka tare ni a bakin titi da rana tsaka, wata mace cikinsu ta kwance ƙullin gaban jama'a. Alƙali ya tambaye ni ko na san abin da nake sayarwa. Na ce na sani. Ya yanke mini shekara biyu.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba. Zafi ne, da ƙuda, da tuwon da ba ka san da me aka yi shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ziyarar Bello. Suruki ne, ba ma haɗa ido, yakan tsuguna can gefe ya ba ni labari kansa a ƙasa. Ya riga ya gano matarsa na shan kwalba, a zatonsa ƙawaye ne suka koya mata, don ita ba ta taɓa faɗin inda ta samo ba.

Zuwansa na farko ya ce sun kai ta gidan mari, uwarsa ta karɓi yaron. Wata uku da ƙarfe a ƙafa, ta fito ba ta shan komai. Na yi hamdala. Zuwa na biyu ya ce, "Inna, ta bar sha, amma ta hi da lalacewa. Cewa takai ana yi mata magana cikin kai." Ba a yi wata ba ta sayar da tukwanenta ta koma wa kwalba. Danginsa suka ce to ashe taɓin kai ne, suka samo mata ƙwayoyin masu taɓin hankali wurin wani mai kemis, tana sha tana ɗora kodin a kai, tana kwana tana wuni kamar gawa. Zuwa na ƙarshe ya tsuguna inda ya saba. Sannan ya ce da hantsi maƙwabciya ta same ta zaune a bakin rijiya, ƙafafunta a ciki.

Da na fito ban nufi gidana ba. Gidan Bello na wuce, na sami Ma'u a ɗaki an kulle daga waje, ta rame, sawun mari na nan a idon ƙafarta. Washegari ni da Bello muka kai ta asibitin masu taɓin hankali.

Likitar mace ce, ba ta girmi Ma'u da shekaru da yawa ba. Ta saurari Bello har ya gama, sannan ta ce ciwo biyu ne a jikin Ma'u, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. In an raba ta da kwalba an bar muryoyin, za ta koma wa kwalba don ta kashe su. In an ba ta maganin muryoyin an bar kwalba, maganin ba zai yi aiki ba, yana ma iya kashe ta. Tare za a yi su, a wuri ɗaya. Amma tana son ta san wanne ya riga, yaushe aka fara, kuma nawa take sha tun farko, don da wannan za ta san irin maganin da za ta ɗora ta a kai.

Bello ya ce sha ne ya riga, shi ya taɓa mata kai. Likita ta juya ga Ma'u. Ma'u ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce ta manta. Likita ta ɗauki biro za ta rubuta maganar Bello.

Alƙali bai tambaye ni wannan ba, shekara biyun da na yi ba na wannan laifin ba ne. Na ce, "Dakata, ɗiyata, kak ki rubuta. Ciwon ya riga. Tun kwana huɗu da haihuwa take jin magana. Kwalba kuwa ni na ba ta da hannuna, rabi da safe rabi da marece, har anka yi arba'in."

Bello ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Inna, ke?" Na ce, "Ni." Ya tashi ya fita. Likita ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ci gaba da tambaya, ina amsawa, har ta cika takarda.

Sati bakwai aka kwantar da ita, ni na yi jinya. Kwanakin farko amai, zawo, ciwon gaɓoɓi, tana roƙona da Allah da Annabi in samo mata ko murfi ɗaya. Aka bi ta da magani sannu a hankali, ana zama da ita ana magana. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini, "Baba, kullum ki tambaye ta abin da take ji, ki kuma tsaya ki ji amsa." Na ce a wurinmu ba a yi. Ta ce, "To a fara." Na fara. Da wuya, amma bai kai bakin rijiya wuya ba.

Ba zan ce muku ta warke ba. Sau ɗaya ta koma wa kwalba bayan sallama, muka mayar da ita, aka sake ɗaura ɗamara. Yanzu tana shan maganinta, duk wata muna komawa asibiti. Tana gidana. Bello bai sake ta ba, yana aiko da nama, yana kawo mata yaron ran Juma'a, amma a ƙofar gida yake tsayawa, kuma har yau bai gaishe ni ba. Ban ga laifinsa ba. Sauran matan da na kai wa kuwa, wasu na je na nemi gafara, wasu an rufe mini ƙofa, ɗaya ta rasu ina tsare. Ina roƙon Allah gafara, na kuma san haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Ku 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Duk wanda ya aike ku sayen abin da ba zai iya saya da fuskarsa ba, ku ƙi tun aiken farko, na biyu ya fi wuyar ƙi. In kun ga naku yana sha, kada ku tsaya ga duka da ɗauri, ku bincika me yake gudu. In kun ga mai jego tana kuka ba dalili, ko tana amsa wa wanda ba ku gani, ku yi mata addu'a ku kuma kai ta asibiti a ranar. In likita ya tambaya, ku faɗi gaskiya duka, ko da ku za ta kayar. Ni sai da na bari ɗiyata ta sha mari wata uku kan laifina kafin in buɗe baki. Kada ku kai haka.