Har Yanzu Ba a Ga Inna Kulu Mai Barguna Ba

Yau da safe, ko karyawa ban yi ba, Sani ya kira ni daga Yelwa. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Anti Rabi, jirgin su Inna ya kife jiya da la'asar. An tsamo masu rai, an tsamo gawarwaki. Ita ba a gan ta ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce masa ya koma asibiti ya duba gado-gado. Na ce ya bi ƙauyukan da ke gaba, ko wani masunci ya tsamo ta ya kai ta gidansa. Ya ce duk sun bi. Sai ya fashe da kuka, magidanci da gemunsa, har layin ya yanke.

Yanzu haka a tashar mota ta Birnin Kebbi nake wannan rubutu. Ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse.

Ga wanda bai san ta ba, Inna Kulu ke nan, wadda ake ce wa mai barguna. Sani ɗan ƙanen mijinta ne, shi ke riƙe da ita tun rasuwar Malam, mijin nata. In a bakin ruwan nan aka haife ka, daga Shanga har Wara, kuma gidanku ba masu hali ba ne, je ka tambayi innarka a cikin me aka fara naɗe ka.

Na san ta tun sa'ad da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato. Ina sabuwar ungozoma aka tura ni wani ɗan asibiti a bakin ruwa, ƙasar Ngaski. Ba wuta, ba kwalbar sa bakwaini. Wata rana da hantsi, ana tsuga ruwan sama, aka kawo wata yarinya a kwale-kwale daga gungu, wato tsibiri. Ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi. Zanenta ɗaya ne a duniya, shi ma ya jiƙe sharkaf. Na kwantar mata da shi a ƙirji, na cire ɗankwalina na rufa masa, amma jikinsa sai ƙara sanyi yake. Na fito baranda na rasa abin yi, sai hawaye.

Akwai wata mata mai sayar da kunu a bakin ƙofar asibitin. Ta dube ni ta ce, "Malama, mi ya faru? In ke kina kuka, mu mi za mu yi?"

Na gaya mata. Ta bar tukunyarta a nan, ta kutsa cikin ruwan saman nan da gudu. Ta dawo da wani ƙunshi a ƙarƙashin riga. Ɗan bargo ne mai kauri, an harhaɗa shi da guntayen atamfa kala-kala, ɗinkin hannu. Ta manna shi a jikin tukunyar kunu ya yi ɗumi, ta miƙo mini.

Daga baya na ji labari. Ɗanta na huɗu ta ɗinka wa shi, wanda ko suna bai kai ba. Haihuwa huɗu ta yi, ba wanda ya kai ga zama. Bargon yana ƙasan akwatinta, ba ta taɓa yarda wani ya taɓa shi ba sai ranar.

Da na zo ba ta labarin jaririn, ta ɗaga mini hannu.

"Kada ki gaya mini. In ya rayu na Allah ne, in ya koma na Allah ne. Zuciyata ba ta iya ɗauka. Ke dai ki gaya mini duk randa anka haifi wani da ba shi da abin rufa."

Na riƙe wannan alkawari shekara da shekaru. Yau kam zan faɗa, Inna. Ya rayu. Direban tirela ne, yana da 'ya'ya.

Daga wannan bargon ne ta fara. Ranar kasuwa sai ta bi shagunan teloli tana tsintar ƙyallayen da suka zubar, har wasu suna raɗa wai rashin ɗa ya taɓa mata kai. Ko a jikinta. Ta wanke, ta shanya, ta goge da dutsen gugar gawayi, ta yayyanka, ta sa tsohon zane a tsakiya don kauri, ta zauna tana haɗawa da allura. Da ita da mijinta suka koma Yelwa, telolin can suka gaji da ganinta a duƙe, kowa ya rataya buhu a gefen kekensa. Buhun Inna, haka ake ce masa.

Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Ba ta kuma tambayar ɗan waye. Matan Kambari da ke saukowa daga kan dutse, matan gungu, matar fasto, matar liman, duk wadda ta haihu hannu wofi tata ce.

Taron suna kuwa ba ta zuwa. Ta kai bargo, ta yi barka daga bakin ƙofa, ta juya.

Na taɓa kai mata tsofaffin fararen yunifom ɗina, ina murna na kawo gudummawa. Ta juya su, ta maido mini cikin leda.

"Rabi, ban ɗinka wa jariri fari. Na ga jarirai cikin fari ya ishe ni. Samo mini ja, samo mini mai furanni."

Da na haifi Maryam ɗiyata, ina aiki a Shanga lokacin, mahaifiyata ta riga ta rasu. Ban aika wa Inna ba. Sai ga ta ta diro daga bayan motar kaya, da ƙunshin busasshen kifi da bargo mai ruwan ɗorawa. Ita ta dafa mini ruwan wankan jego har na yi arba'in. Maryam ba ta san wata kaka ba sai ita.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Na same ta a tsakar gida ta baje ƙyallaye a kan tabarma, tana laluben kala da hannu, tana kai su kusa da fuska. Ido ya yi rauni. Ta ɗauko gwangwanin allurai ta dire a gabana.

"Tunda Allah ya kawo ki, zura mini zare cikinsu duka. Ɗinki dai hannuna ya san hanya, kafar allurar ce ta ɓace mini."

Na zauna ina zurawa, tana karɓa tana soka su a jikin matashin kai, muna hira. Na ce, "Inna, don Allah ki bar shiga jirgin nan. Ki ba Sani ya riƙa kai miki."

Ta yi dariya. "In na aika, a bakin ruwa za a raba su, masu baki su kwashe. Wadda ba ta da komi ba ta fitowa, kunya take ji. Sai an bi ta har ɗaka."

Ta rako ni bakin titi, ta cusa mini ƙullin yaji a jaka.

Jiya ma abin da ya fitar da ita ke nan. Ruwa ya ci gidaje a wani gungu, mutane sun koma kan tudu, an ce mata akwai masu jego a cikinsu. Ta naɗe bargunan cikin babbar leda saboda hadari, ta cusa a buhu, ta ɗaure bakin tam. Ta shiga jirgin masu komawa daga kasuwa. Iska ta taso musu a tsakiya, jirgin ya daki kututture.

Cikin waɗanda suka tsira akwai wata mai goyo, Ladi. Sani ya sa mata waya a kunne muka yi magana ɗazu, muryarta duk ta dushe. Ta ce da ta taso sama tana shan ruwa, ɗanta a baya, sai ta ga tsohuwa rungume da buhu yana yawo da ita a kan ruwa. Ta ce tsohuwar ta dube ta, ta dubi goyon, ta turo mata buhun.

"Riƙe, ke ad da goyo."

Ta ce da ta waiwaya ba ta sake ganinta ba.

Ladi tana nan da rai, ɗanta ma. Da aka kwance buhun a bakin ruwa, bargunan a bushe suke. Da su aka lulluɓe yaran da aka tsamo suna karkarwa.

Ni dai na kasa. Wallahi na kasa. Na yi aikin asibiti har na yi ritaya, na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa jin abin da nake ji yau ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko sanyin asuba ba ta so, tana can cikin ruwa ita kaɗai.

Don Allah, don Annabi, ina roƙon ku. Sarkawa, masunta, direbobin jirgi, masu noma a bakin ruwa, daga Yelwa har gangarawa Wara, ku duba mana. Ku duba cikin ciyayi, ku duba gindin kututtura, ku duba inda ruwa ke tara shara. Gajeruwa ce, siririya, da koren zane da hijabi ruwan toka. Yatsunta na dama duk kanta ce saboda allura. Wanda ke da ɗan'uwa a gungu inda ba sabis, ya aika masa da baki. Wanda ya ga wani abu ya sanar da mai unguwa mafi kusa, ko ya rubuta a ƙarƙashin nan, idona na kan waya. Ku yaɗa wannan rubutu, kada ku wuce shi.

Na daina roƙon a same ta da rai, na san ruwan nan. A dai ba mu ita. Mu wanke ta da hannunmu, mu yi mata sutura, mu kai ta kusa da 'ya'yanta. Matar da ta rufe jikin 'ya'yan mutane tsawon rayuwarta, kada ta tafi ba a rufe nata ba.

Ya Allah, ka umarci ruwan nan ya sako mana ita. Ka karɓi shahadarta da ta duk waɗanda suka tafi tare da ita. Ka lulluɓe ta da rahamarka. Ka sa 'ya'yanta huɗu su tarye ta, ta ɗauke su a wurin da ba a sake karɓe mata su.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya ɗaga hannu ya ambaci sunanta. Kulu sunanta. Ku ce amin.