Na'urar da na kai inuwa

Shekarar da matata ta rasu na karɓi gadin gonakin albasa a fadamar Dundaye. Manoma tara ne suke shan rijiyar burtsatse ɗaya. Wata malama daga jami'a ta kafa musu na'urori huɗu masu aiki da hasken rana, kowace a kusurwarta. Suna auna danshin ƙasa, su yi shawara tsakaninsu ta iska, su sakar wa layin da ya fi bushewa ruwa. Babu mai sa musu baki.

Ranar da za ta tafi ta ce mini, "Baba, ko ɗaya ta yi ƙarya, ukun za su rinjaye ta. Kai dai ka tabbata huɗun na aiki."

Na ce to. Ban gane dalili ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Daga asuba zuwa la'asar ni kaɗai ne a wurin. Nakan zagaya su ina goge su da hannun riga. Da zafin bazara ya tsananta, na taɓa ta gabas, na ji ta kamar murfin tukunya a kan wuta. Zama ya gagare ni. In ta ƙone a hannuna, me zan ce wa mutane? Na kwance ta, na naɗe da rawani, na kai bukka. A raina, uku ma jama'a ne.

Ashe wani ya riga ya sa wa ta arewa hannu don ruwa ya riƙa bin layinsa. Takan gaya wa ɗaya ƙasa ta bushe, ta gaya wa ɗayar ƙasa a jiƙe take. Sauran biyun suka rasa mai gaskiya, sai suka tsaya cik. Kwana huɗu famfo bai buɗe ba. Ina ganin ganye na kwanciya, ina cewa na'urorin sun fi ni sani.

Da malamar ta zo ta yi bayani, shugaban manoman ya dube ni. "Malam, mi kay yi muna? Wa yac ce ka yi wa ƙarfe fifita?"

Ta ce a fara neman wanda ya taɓa ta arewa. Manoman suka koma gindin dogon yaro su tara, ba su daɗe ba suka kira ni, suka karɓi makullin bukka.

Na hau kabu-kabu zuwa Unguwar Rogo. Ɗakina na nan yadda na bar shi. Na share, na zauna, na rasa wanda zan ba labari.