Sunan da Aka Goge Daga Na'ura

Awa biyu ke nan wata mata tana tsaye a tagar ɗakin gwaji na asibiti, tana jiran sakamakon jinin mahaifinta. Kwamfuta ta ƙi fitar da komai, likita kuma ya ce babu magani sai ya ga takarda.

Daga nan tana hango mutumin da aka kira gyara. Dattijo ne siriri, furfura ta ci rabin gemunsa, ƙafar tabaraunsa ɗaure da zare. Ba ya kallon kowa. Yana buga gajerun kalmomi, layuka suna zubowa a baƙin allo, yana bin su da yatsa.

"Baba Injiniya, ina matsalar?" in ji ma'aikaciyar tagar.

"Na tambayi na'urar abin da ke gudana a cikinta, kuma da sunan wa," ya ce. "Manhajar gwajin da sunan abokin aikina take tashi. Jiya ofis suka goge sunan, shi ya sa ta tsaya."

"Wanda ya rasu ranar Talata?"

Ya ci gaba da kallon allon. Matar da ke jira ta raya a ranta cewa shi da mamacin sun daɗe a ɗaki ɗaya, ƙila tun gashinsu yana baƙi. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya rubuta nasa sunan a gurbin, harafi ɗaya-ɗaya, kamar hannun ba nasa ba.

Injin buga takarda ya fara ƙara.

"Allah ya jiƙansa," in ji ma'aikaciyar, idonta a kan layin masu jira. "Na gaba!"