Rakiyar Mai Goro

Mijina mutum ne da bai yarda a tambayi baƙo ranar tafiyarsa ba. Gidanmu a Zongon Kumasi masaukin fataken goro ne tun zamanin mahaifinsa, wanda ya zo daga ƙasar Sakkwato ya rasu a nan. Baƙo in ya yi sallama, ruwa ake miƙa masa kafin a ji sunansa. A ba shi buta, a nuna masa gabas, a ja masa kunne kada ya shiga wajen mata sai ya yi gyaran murya. In kuma ya tashi tafiya, mijin nawa, Malam, da kansa zai ɗauki kayansa ya raka shi tasha, ba zai juyo ba sai mota ta ɗaga. Wannan rakiyar ce ta cuce ni.

Ƙarshen shekarar sittin da tara aka yi shela: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Ni 'yar Salaga ce, 'yar ƙasa, ba wanda zai taɓa ni. Malam kuwa, a ɗakin da muke kwana aka haife shi, cibiyarsa tana binne a bayan madafi, amma takarda ko ta ƙunshe ƙosai ba shi da ita. Na hana shi fita. Ko masallaci sai ya bi ta lungu. Unguwa ta yi tsit, ƙofofin maƙwabta a buɗe ba kowa, awaki na shiga suna fita.

Baƙo ɗaya ya rage mana, wani tsoho mai goro da ciwon gwiwa ya tsare. Da ya samu wuri a motar da za ta kwashe mutanensu, ya sha kokonsa da safe, ya yi mana godiya. Ina kwashe kwanuka sai na ga Malam yana sa hula.

Na ce, "Malam, ina zuwa?"

"Rakiya."

"Rakiyar me? Tasha cike take da masu kaki, kowa ya sani. Ka kai shi bakin ƙofa ka dawo."

Tsohon ma ya sa baki. "Maigida, ka zauna. Wallahi na yafe."

Malam ya yi murmushin nan nasa mai ƙular da mutum. Ya ce, "Mutum ya ci tuwona, ga ƙafa ba lafiya, in bar shi ya ja kaya shi kaɗai? Da wane ido zan dubi jama'a?"

Na ce, "Wace jama'a? Duba layin nan, wa ya rage da zai gan ka?" Har gaban rigarsa na riƙe, abin da ban taɓa yi ba a gaban baƙo. Ya cire hannuna a hankali, ya ɗora ƙunshin tsohon a ka, ya rataya buta da tabarma. Ya ce in rufe masa sauran kokonsa.

Wata mai sayar da burodi a tasha ce ta kawo mini labari da azahar. Masu kaki sun ga mutum da kaya a ka, da buta, da tabarma, yana Hausa. Me ya rage? Ya ce shi rakiya ya zo, suka yi dariya. Ya yi musu Asantanci tsantsa, yaren 'yan garin, suka ce ya nuna takarda. Tsohon yana kuka yana rantsuwa kayansa ne, aka tura su mota tare.

Na yi kuka, amma fushi ya fi kukan yawa. Na zagi rakiya, na zagi goro. Yara suna tambaya, ina ce musu ya kai baƙo ne.

Sai da damina ta sauka wani direba ya yi sallama a zaure. Na ƙosa in ji bakinsa, amma hannuna da kansa ya kai ga moɗa. Sai da ya sha ya ce ya ga Malam a ƙauyen tsohon, garin da bai san kowa ba, a ɗakin baƙi.

Na ce, "Yaushe zai dawo?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Ya ce ki kwantar da hankalinki, mutanen sun san mutunci. Har yau ba wanda ya tambaye shi ranar tafiya."