Matar da Ta Ƙi Sa Hannu a Kan Ɗari Biyar

Kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko ruwa ake tsugawa, za ka ga Mis Muriel Ashcombe ta fito daga ɗan gidanta na ƙarshen layi, da sanda da jakar cefane, ta nufi inda bas ke tsayawa. Ba shiga za ta yi ba. Zama take a benci, ta ciro ɗan littafi da fensir, duk bas ɗin da ta wuce ta rubuta lambar jikinta. Direbobin sun saba da ita. Wani kan leƙo ta taga ya ce, "Yau mu nawa ne, Mis Ashcombe?"

"Ku goma sha ɗaya ne, Colin, amma biyu a ciki mota ɗaya ce, allo kawai aka canza mata. Ku je ku yi wa wani wannan wasan, ba ni ba."

Sai a yi dariya, ta shiga kanti ta sayi burodi da madara, ta koma gida ta dafa shayinta mai ƙarfi wanda ba ta sa wa sukari. Maƙwabta sun ɗauka tsohuwar akawu ce da tsufa ya fara taɓawa. Jiya ta cika shekara tamanin da ɗaya. Bara ne aka ɗage mana rantsuwar riƙe sirri, saboda haka yau bakina ya buɗe. Ni Desmond, shekara ashirin da biyu teburina na kallon nata, kuma akwai abin da ya daɗe yana cina.

Aikinmu a wancan ofis na Landan, lokacin Yaƙin Cacar Baki, shi ne mu faɗa wa manya jiragen yaƙi nawa ƙasashen 'yan gurguzu ke ƙerawa. Ka ji aiki! Ba wanda ya taɓa leƙa masana'antunsu, ba wanda zai iya. Abin da ke zuwa mana shi ne hotuna masu dishi-dishi, da tsofaffin jaridunsu, da hirar fursunonin yaƙi da aka sako. Da waɗannan tarkace ake so ka ce jirgi kaza ne.

Muriel kuwa da su take gani kamar tana tsaye a bakin ƙofar. Na ga ta auna faɗin rufin wata masana'anta a bakin kogin Volga daga hoto ɗaya, ta ce jirgi shida ne kaɗai zai iya tsayuwa a ciki lokaci guda. Na ga ta ɗauki jadawalin motocin da ke kai ma'aikata, wanda aka buga a wata 'yar jaridar garin, ta gane cewa ba a aikin kwana, sau biyu kawai ake canjin ma'aikata. Wata rana aka kawo guntun tayar jirgi da wani ya tsinto, kowa ya juya shi ya ajiye. Ita ta kwafe lambar da ke jiki, ta haɗa da wasu goma sha huɗu da ta tara cikin shekara uku, ta ce mana ga yawan tayoyin da ake yi a wata. Idan ka yaba mata sai ta harare ka ta saman tabarau.

"Desmond, ba duba nake yi ba. Ƙirga nake. Kai ma da za ka rage surutu za ka iya."

To, sai ga shekarar babban fareti. Rashawa sun yi sabon jirgin jefa bama-bamai mai inji huɗu, wanda aka ce zai iya zuwa kanmu ya koma bai sauka ba. Mako uku suna gwajin fareti a sararin Mosko, mutuminmu na ofishin jakadanci yana kan rufi yana ɗaukar hoto. Kowane jirgi akwai rangaɗeɗiyar lamba a hancinsa. Da aka baje hotunan aka ƙirga, sai ga lamba arba'in da bakwai, ba wadda ta maimaita.

Ofis ya rikice. Shugaban sashenmu, Kwamanda Redfern, mutum ne mai gashin baki da murya kamar ganga, ya tsaya gaban allo da alli. Ya ce ƙasar da za ta iya fito da arba'in da bakwai don ado kawai, to tana da ninkinsu a ɓoye, kuma nan da shekara biyu za ta kai ɗari biyar. Aka buga rahoto. Ƙa'idar gidan ita ce rahoto ba ya hawa sama sai duk mu biyar masu ƙiyasi mun sa hannu. Huɗu muka sa. Ni ne na biyu, kuma hannuna ko rawa bai yi ba.

Muriel ta ce a ba ta kwana uku. Ta kwashi hotunan ta jera a kan dogon tebur kusa da taga, ta sunkuya da gilashin ƙara girma. Ba lambobin take kallo ba. Kowa lambobin ya kalla, don su aka rubuta a gani. Ita ƙarƙashin fiffike take bi, da gefen wutsiya, wuraren da ba wanda zai yi wa kwalliya. Rana ta uku da hantsi ta kira ni.

"Zo ka gani. Mene ne wannan?"

"Datti ne a hoton."

"Dattin idonka. Baƙin mai ne, yana zuba daga inji na uku, ya ja layi ya lanƙwasa kamar ƙugiya. Ga faci mai kusurwa huɗu a wutsiya. Wannan lamba goma sha huɗu ce, ranar Talata. Yanzu dubi wannan."

Na duba. Lamba talatin da ɗaya, ranar Juma'a. Ga ƙugiyar, ga facin. Ta turo min na uku, lamba hamsin da biyu, mako na gaba. Ga ƙugiyar nan dai. Jirgi ɗaya ne ake sake wa fenti! Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan da lotsawa a ƙofa, wancan da gilashi mai duhu, har arba'in da bakwai suka narke suka koma goma sha biyu. Ta haɗa da rufin nan da tayoyin nan, ta rubuta a littafinta cewa nan da shekara biyu za su kai hamsin da takwas.

Redfern ya karanta a tsaye, fuskarsa ta yi ja.

"Mis Ashcombe, kina so in hau sama in ce wa janar-janar su kwantar da hankalinsu saboda kin ga ɗigon mai?"

"Ina so ka gaya musu abin da ke cikin hoton, Yallaɓai."

"In kika yi kuskure fa? In ɗari biyar ne, muka yi shirin hamsin?"

"In na yi kuskure, sai a nuna min inda yake in gyara. Amma ɗari biyar ɗin nan ba a hoto kuka samo shi ba, a cikin tsoro kuka samo shi."

Kai! Ba a yi wa Redfern haka. Ya ajiye alƙalami a gabanta ya ce kujerar mataimakin shugaban sashe za ta zama fanko a watan gobe, kuma sunanta ne a kai. Ya ce akwai kuma ɗakin ajiyar taswira a ƙarƙashin ƙasa da ke neman mai kula. Ta zaɓa. Muriel ba ta da miji, ba ta da gado, uwarta na kwance a gida ita ke jinya. Wannan aikin shi ne duk abin da take da shi a duniya. Ta kalli alƙalamin, ta ɗauka, ta rufe masa murfi, ta miƙa masa.

"Ba zan sa sunana a kan jiragen da ban gani ba, Yallaɓai."

Ke ce kika sauka matakalar nan da kwalin kayanki a hannu, Muriel, ba ki waiwaya ba. Ke ce kika yi shekara shida a ɗakin da ba taga, kina kaɗe ƙurar taswira, ke da kika fi mu duka ido. Ni kuwa ina sama ina shan shayi, na ga ƙugiyar da idona, amma ban je na goge sa hannuna ba. Ina da 'ya'ya uku, haka na riƙa gaya wa kaina. Kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau, kuma gara in faɗe ta a gaban jama'a.

Aka sa wani ya cike gurbinta, rahoto ya hau da ɗari biyar. Bayan 'yan shekaru aka samu hotunan filayen jiragensu daga can sama, aka nemi ɗari biyar aka rasa. A hankali aka riƙa rage adadin, ba hayaniya. Aka dawo da ita teburinta wata Litinin kamar ta je hutu. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri, kujerar nan kuma wani ya daɗe a kai. Da muƙamin da ta shiga da shi ta yi ritaya. Ainihin adadin kuwa ba wanda ya sani, sai dai a ce ba su kai ɗari ba.

A bazarar bana wani gidan adana tsofaffin jirage ya gayyato tsofaffin ma'aikata daga ɓangarorin biyu, tunda Tarayyar Sobiyet ta rushe. Da ƙyar na ja ta muka je.

"Me zan je yi? In ci biskit da tsofaffi?"

"Ke yarinya ce ai. Ɗauko hotunan nan uku, an cire su daga sirri."

A teburin shayi aka haɗa mu da wani dattijo gajere mai manyan hannuwa, Gennadi Zavarzin, wanda ya yi shekara talatin a waccan masana'anta ta bakin Volga. 'Yarsa ce ke masa tafinta. Muriel ba ta iya hirar banza ba, sai kawai ta jera hotunan a gabansa ta ɗora yatsa a kan layin man. Mutumin ya sa tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya dafe kai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Baba ya ce wannan ai Mai Yoyo ne," in ji 'yar. "Ya ce shi ne mai fentin. Da hannunsa ya rubuta goma sha huɗu, ya goge ya rubuta talatin da ɗaya, ya goge ya rubuta hamsin da biyu. Wani lokaci fentin bai gama bushewa ba jirgin ke tashi."

Dattijon ya ci gaba da magana da sauri, yana buga tebur.

"Ya ce ya gaya wa shugabansu a wanke man nan, za a gane. Shugaban ya ce, kai Gennadi, wane mahaukaci ne zai kalli ƙarƙashin fiffike? Ya ce kusan shekara arba'in yana tambayar kansa ko akwai wanda ya gani."

"Gaya masa an gani," in ji Muriel.

Ya miƙe tsaye, ya kama hannunta da hannuwansa biyu, ya sunkuyar da kai. Ni dai na juya ina neman hankici. Ita kuwa ko gezau, ta ciro tsohon littafin nan nata.

"Tambaye shi, shekara biyu bayan faretin, nawa suka ƙera?"

Bai yi dogon tunani ba, don shi ke rubuta wa kowanne lambarsa ta gaskiya a cikin ramin taya. Ya ce hamsin da tara.

Na ga fuskarta ta canza. "Hamsin da takwas na rubuta. Ina ɗayan?"

Ya yi bayani cewa ɗaya bai taɓa fita ba. A cikin ɗakin gwaji aka ɗaure shi aka yi ta danna fikafikansa har suka karye, don a san ƙarfinsu. Bai ga rana ba, balle mai hoto ya gan shi.

Na ce, "To ai shi kenan, Muriel, bai tashi ba, ba ya cikin lissafi. Kin ci!"

"An ƙera shi ko ba a ƙera shi ba, Desmond?"

"An ƙera."

"To abin da aka tambaye ni kenan."

Ta lashi bakin fensir, ta ja layi a kan hamsin da takwas, ta rubuta hamsin da tara a gefe, ta sa kwanan wata. Sannan ta sa hannu a ƙasa. Wannan sa hannun da kujera ba ta saya ba, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa bai ƙwata ba, ta ba da shi a kan kuskuren jirgi ɗaya ba wanda ya roƙe ta. Tunda nake ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni haka ba.

Muriel mai idon ƙarƙashin fiffike, mun gode. Na gode a madadin mu huɗun da muka sa hannu, saura ni kaɗai da rai, kuma ina neman gafararki a fili. Ku kuma da ke zaune a ofisoshi yau, ana turo muku takarda ana cewa kowa ya sa hannu saura ku, ku nemi kwana ukunku ku duba inda ba a yi wa fenti ba. In abin da kuka gani ya saɓa, ku rufe alƙalamin. In kuma aka nuna muku kuskurenku, ku buɗe shi.

Da safen nan na bi ta wurin tsayawar bas in kai mata wannan rubutu ta gani kafin a buga. Ta karanta a bencin, ta miƙo min, ta ce shekara ashirin da uku muka yi tebur na kallon tebur, ba ashirin da biyu ba. Na bar shi yadda yake a sama don ku ga irin matar da nake gaya muku.