Tsagar da Yaya Sale ya shafe

Bana shekara hamsin ke nan da rufin kankare ya rufta wa yayana Sale a Zango, kuma har yau ba na iya zama cikin ɗaki ban ɗaga kai sama ba.

Yaya Sale magini ne, ɗan magini. Da laka ya tashi. Duk shekara kafin damina yakan bi gidajen mutane yana yaɓe tsagar bango, laka ta kama laka, katanga ta koma lafiya lau. Da kuɗin man fetur ya malalo ƙasar Daura, kowa ya raina ginin ƙasa, shi ma ya koma siminti ya gina wa kansa shaguna a jere. Hannunsa ya koyi siminti, amma kansa na nan wurin laka.

Wata rana tsaga ta bayyana a rufin shagon tsakiya. Duk mun gan ta. Ya kwaɓa siminti ya shafe, ya bi da farar ƙasa, yana dariya ya ce, "Gini ai kamar mutum ne, in ya ji ciwo a ɗaure masa." Babu wanda ya yi musu, domin haka muka gada. Ba mu san rodin ƙarfen da ke ciki tsatsa ta cinye shi ba. Ruwan damina na sauka, rufin ya sauko a kansa.

Kwanan baya 'yata Hadiza, wadda ta karanci injiniya, ta nuna mini wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai. Ta ce binne shi ake yi cikin kankare a tura haske ta cikinsa. Da zarar gini ya fara tsagewa, hasken zai sauya, na'ura ta faɗi daidai wurin tun ido bai gani ba. Na san da Yaya na raye sai ya juya zaren nan a tafin hannu, ya kira shi ɗan tsegumi. Amma zai saurare shi? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Tamu tsagar ba ɓuya ta yi ba, mu muka ɓoye ta.

Me ya rage na Yaya? Fara'arsa na nan a fuskar ɗansa Lawal, sauran shagunan ma na tsaye, Lawal ya mayar da na ƙarshe ɗakin kwanan 'ya'yansa. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar Juma'a na je Zango na tarar da shi kan tsani a ɗakin yaran, cokalin gini a hannu.

"Baffa, 'yar tsaga ce, yanzu zan shafe ta," in ji shi.

Ban tsaya yi masa wa'azi ba. Na shiga na kwashe yaran da tabarminsu, na sa su a mota. Suna gidana a Daura, uban kuwa har yanzu bai kira ni ba.